Feargus O'Connor: Jagoran da ya tara miliyoyi, ya kasa riƙe amincewar jama'a

An haifi Feargus O'Connor a yankin Cork na ƙasar Ayalan. Ya yi karatun lauya, ya shiga Majalisar Dokokin Birtaniya a 1832, sannan a 1837 ya kafa jaridar Northern Star a birnin Leeds, wadda ta zama bakin ma'aikatan masaƙu da ma'adinai. Allah ya hore masa murya da baiwar magana.

A wancan zamani masu dukiya kaɗai ke jefa ƙuri'a. Tafiyar Chartism, wadda ya zama jigonta, ta fito da buƙatu shida a 1838, ciki har da ƙuri'a ga kowane namiji baligi, zaɓe a asirce, da biyan 'yan majalisa albashi domin talaka ma ya iya tsayawa takara. Takardar kokensu ta 1842 ta samu sa hannun mutum sama da miliyan 3, amma majalisa ta yi watsi da ita.

Sai dai salon O'Connor ya riƙa korar masoya. Jawabansa cike suke da barazana, kuma ya ɓata da William Lovett, wanda ya tsara buƙatun kuma ya fi son lallashi da ilimantarwa. Boren garin Newport na 1839, inda sojoji suka kashe kimanin mutum 20, ya riga ya tsorata 'yan kasuwa, duk da cewa ba shi ya jagorance shi ba.

Ranar 10 ga Afrilu, 1848, ya tara gangami a filin Kennington da ke Landan, makonni kaɗan bayan juyin juya halin Faransa. Saboda fargaba, dubun dubatar mazauna birnin suka shiga aikin 'yan sandan sa-kai. Ya yi iƙirarin cewa sabuwar takardar koken na ɗauke da sa hannu miliyan 5.7, amma ma'aikatan majalisa suka ƙirga ƙasa da miliyan 2, har da na bogi da sunan Sarauniya Victoria. Jaridu suka mayar da tafiyar abin dariya.

Shirinsa na raba gonaki ya ƙara dagula lamarin: kimanin mutum 70,000 suka zuba kuɗi, kusan 250 kaɗai suka samu fili, aka rushe kamfanin a 1851.

Ya samu taɓin hankali a 1852, ya mutu ranar 30 ga Agusta, 1855. Biyar daga cikin buƙatun shida sun zama doka bayan mutuwarsa, a hannun wasu mutanen.