Sayyidina Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi, Saurayin da Ya Yi Hijira Zuwa Habasha



Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu kawo tarihin wani sahabi wanda ya bar garinsu yana cikin ƙuruciyarsa, ya ƙetare teku zuwa maƙwabciyar ƙasa inda ba shi da uwa ba shi da uba, ya zauna can wajen shekara 13, sa'an nan ya komo da addininsa da mutuncinsa ba abin da ya ragu. Wannan kuwa shi ne Sayyidina Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi, Allah Ya ƙara masa yarda.

Ja'afaru ɗan baffan Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wasallama. Mahaifinsa Abu Ɗalibi ɗan Abdulmuɗɗalibi, mahaifiyarsa kuwa Faɗimatu 'yar Asadu. Wa ne ga Sayyidina Aliyu, kuma malaman tarihi sun ce shekara 10 ke tsakaninsu, watau ke nan an haife shi wajen shekarar 590 ta Miladiyya. Tun yana yaro ya ɗanɗana zama a gidan da ba na mahaifinsa ba. Wata shekara yunwa ta afka wa Makka, ga Abu Ɗalibi mai iyali da yawa, hannunsa kuwa ba shi da kauri. Sai Manzon Allah, tun kafin a aiko shi, ya yi shawara da baffansa Abbas a kan su rage wa dattijon nauyi. Manzon Allah ya ɗauki Aliyu, Abbas ya ɗauki Ja'afaru. A gidan Abbas ya girma har Musulunci ya bayyana, ya zama yana cikin waɗanda suka karɓa da wuri, shi da matarsa Asma'u 'yar Umaisu.

Da Kuraishawa suka tsananta wa Musulmi, wasu da duka, wasu da ɗauri, wasu da hana su abinci da ciniki, sai Manzon Allah ya nuna wa sahabbansa ƙasar Habasha. Dalilin da ya bayar shi ne, akwai sarki a can wanda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. A lura, sarkin nan Kirista ne, jama'arsa Kiristoci ne, harshensu daban, al'adunsu daban. Adalci kaɗai aka duba. Daular kuwa ita ce ta Aksum, wadda ƙasarta ke arewacin Habasha ta yau da kuma Eritriya, Bahar Maliya ce ta raba ta da ƙasar Larabawa. Kalmar Najjashi da muke ji sarauta ce, ba sunan yanka ba. Sunan sarkin na wannan zamani As'hama.

A watan Rajab na shekara ta 5 da aiko Annabi, daidai da 615, ƙungiyar farko ta sulale daga Makka, mutum goma sha wani abu, cikinsu har da Sayyidina Usmanu ɗan Affan da matarsa Ruƙayya 'yar Manzon Allah. Suka shiga jirgin ruwa na fatake a mashigin Shu'aiba. Daga baya wasu suka yi ta bi, har adadin maza ya kai wajen 83, ban da mata da yara. Ja'afaru da Asma'u suna cikin waɗannan, shi kuwa a lokacin bai fi shekara 25 ko 26 ba. Ya bar tsohon mahaifinsa a Makka, kuma ba su sake ganin juna ba, domin Abu Ɗalibi ya rasu 'yan shekaru kaɗan bayan tafiyarsa.

Kuraishawa ba su ƙyale su ba. Suka zaɓi mutum biyu masu wayo, Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a, suka haɗa su da tsarabar jemammun fatu, waɗanda Habashawa ke sha'awa ƙwarai daga kayan Makka. Dabarar da suka shirya ita ce, su fara bin fadawa da manyan malaman coci ɗaya bayan ɗaya, kowa a ba shi tasa kyauta, domin in an je gaban sarki su goyi bayan a miƙa baƙin ba tare da an saurare su ba. Haka kuwa aka yi. Suka gaya wa sarki wai waɗansu wawayen samari ne suka bar addinin iyayensu, ba su kuma shiga nasa ba, dattawan garinsu ne suka aiko a mayar da su. Fadawa suka ce gaskiya ne. Amma sarki ya fusata, ya ƙi ba da mutanen da suka zaɓi maƙwabtakarsa sai ya ji ta bakinsu.

Wannan labari Uwar Muminai Ummu Salama ce ta ba da shi, ita kuwa tana cikin masu hijirar, kuma yana nan cikin Sirar Ibnu Hishamu da Musnadin Imamu Ahmadu. Ta ce da manzon sarki ya zo, Musulmi suka taru suka yi shawara, suka tsaya a kan za su faɗi abin da Annabinsu ya koya musu, kome zai faru ya faru. Wanda ya tashi ya yi magana a madadinsu shi ne Ja'afaru, alhali akwai waɗanda suka girme shi.

Ya fara da bayyana wa sarki halin da suke ciki kafin Musulunci, na bautar gumaka, da cin mushe, da yanke zumunta, da cutar maƙwabci, da mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. Sa'an nan ya ce Allah Ya aiko musu Manzo daga cikinsu, wanda sun san asalinsa da gaskiyarsa da amanarsa, ya kira su ga kaɗaita Allah, da faɗin gaskiya, da riƙon amana, da sada zumunta, ya hana su cin dukiyar maraya da yi wa mata masu kamun kai ƙazafi. Ya rufe da cewa saboda wannan ne mutanensu suka azabtar da su, shi ya sa suka zaɓi ƙasar sarki suna fatan ba za a zalunce su ba. Sarki ya nemi ya ji wani abu daga abin da aka saukar, Ja'afaru ya karanta masa farkon Suratu Maryam. Sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, malamansa ma suka yi kuka, ya shaida cewa wannan da abin da Annabi Isa ya zo da shi daga tushe ɗaya suka fito.

Amru bai haƙura ba. Kashegari ya koma ya gaya wa sarki ya tambaye su abin da suke faɗi game da Annabi Isa. Ummu Salama ta ce ba su taɓa shiga damuwa irin ta wannan rana ba. Dalili kuwa a fili yake: in sun ɓoye aƙidarsu sun ci amanar addinin da suka baro gida dominsa, in sun bayyana kuma watakila a kore su a miƙa su ga maƙiya. Ja'afaru ya amsa da cewa Annabi Isa bawan Allah ne, ManzonSa ne, ruhi ne daga gare Shi, kuma kalmarSa ce da Ya jefa ga Maryamu budurwa tsarkakakka. Bai ƙara kome don ya faranta wa sarki ba, bai kuma zagi addinin masu masaukinsa ba. Sarki ya ɗauki ɗan tsinke daga ƙasa, ya nuna cewa Annabi Isa bai wuce abin da aka faɗa ba ko da gwargwadon tsinken nan. Fadawa suka yi gunaguni, bai kula su ba. Ya ba Musulmi amana, ya sa aka mayar wa Kuraishawa kyautarsu.

Zaman da ya biyo baya ba na hutu ba ne. An taɓa samun wani ya tayar wa Najjashi da yaƙi yana neman sarauta, Musulmi suka shiga fargaba kada wanda bai san hakkinsu ba ya hau. Suka duƙufa ga yi wa sarki addu'a, Zubairu ɗan Awwamu kuma, wanda yake cikin mafi ƙuruciyarsu, ya hura salka ya yi iyo a kanta ya ƙetare kogi don ya gano yadda yaƙin ke tafiya, ya komo da bisharar nasara. Wasu daga cikin masu hijirar sun rasu a can ba su sake ganin gida ba. A can kuma Asma'u ta haifa wa Ja'afaru 'ya'yansa uku, Abdullahi da Muhammadu da Aunu. Aka yi hijira zuwa Madina a 622, aka yi Badar da Uhudu da Handaƙu, duk yana Habasha tare da sauran jama'arsa.

Sai a shekara ta 7 bayan Hijira, watau 628, Manzon Allah ya aiki Amru ɗan Umayya ga Najjashi a kan a sallamo su. Sarki ya sa su cikin jirage biyu. Isowarsu ta yi daidai da cin Haibara, Manzon Allah ya sumbaci Ja'afaru tsakanin idanunsa, ya bayyana cewa bai san wanne ya fi faranta masa rai ba, nasarar ko dawowar Ja'afaru. Ya kuma ba su rabo cikin ganimar Haibara ko da yake ba su halarci yaƙin ba. Daga baya Sayyidina Umaru ya gaya wa Asma'u cewa su sun riga mutanen jirgi yin hijira. Ta ji zafin maganar, ta kai wa Manzon Allah, shi kuwa ya sanar da ita cewa Umaru da abokansa hijira ɗaya gare su, mutanen jirgi kuwa biyu. Buhari ya ruwaito wannan.

A Madina aka san Ja'afaru da laƙabin Uban Miskinai. Abu Huraira ya ba da labari cewa yakan tafi da su gidansa ya ciyar da su abin da ya samu, har wani lokaci sai ya fito musu da salkar mai wadda ba kome a ciki, su tsaga ta su lashe abin da ya maƙale. Wanda ya san baƙunci da rashi ba ya raina mai yunwa. Manzon Allah kuma ya shaida masa cewa ya yi kama da shi a halitta da hali.

Zamansa a Madina bai kai shekara biyu ba. A watan Jimada Ula na shekara ta 8, daidai da 629, Manzon Allah ya tura runduna ta mutum 3,000 zuwa Mu'uta, cikin ƙasar Jodan ta yau, bayan an kashe manzonsa Harisu ɗan Umairu. Ya naɗa Zaidu ɗan Harisa shugaba, in ya faɗi Ja'afaru, in ya faɗi Abdullahi ɗan Rawaha. Suka tarar da rundunar Rumawa da Larabawan da ke goyon bayansu, wadda ta ninka su nesa ba kusa ba. Zaidu ya yi shahada, Ja'afaru ya karɓi tuta. Aka sare hannunsa na dama ya riƙe da hagu, aka sare na hagu ya rungume ta da damatsansa har ya cika, yana wajen shekara 40. Abdullahi ɗan Umaru ya ce ya ƙirga raunuka 50 a jikinsa, ba ko ɗaya a bayansa. Manzon Allah ya ba da labarin Allah Ya musanya masa hannuwansa da fukafukai biyu a Aljanna, shi ya sa ake ce masa Aɗɗayyar, ma'anarsa mai tashi sama. Ya tafi gidansa ya rungumi 'ya'yansa yana hawaye, ya kuma umurci a dafa wa iyalin abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Ƙabarinsa yana garin Mazar kusa da Karak. Najjashi kuwa ya musulunta, ya rasu a shekara ta 9, Manzon Allah ya yi masa sallar gawa daga Madina.

To, jama'a, yau ma samarinmu suna ƙetare iyaka don neman abinci ko neman ilmi ko gudun fitina, kuma ba laifi a cikin haka, ƙasar Allah mai faɗi ce. Amma mai niyyar tafiya ya dubi Ja'afaru. Ya fita da izinin wanda ya fi shi sani, ya zaɓi ƙasa saboda adalcinta, ya girmama masu masaukinsa har ya yi wa sarkinsu addu'a ranar wuya, kuma da aka matsa shi bai sayar da aƙidarsa don ya sami wurin zama ba. Iyaye kuma da 'yan'uwa da ke gida su tuna da hukuncin da aka yi wa Asma'u, kada su ɗauki wanda ya daɗe a baƙunci da kyakkyawar niyya kamar ya kasa waɗanda suka zauna.

Allah Ya ƙara wa Sayyidina Ja'afaru yarda, Ya tsare matafiyanmu duk inda suke, Ya komo da su gida lafiya da imaninsu.