Alexander Fleming, Likitan Da Ya Gano Penisilin

An haifi Alexander Fleming ran 6 ga Agusta, 1881, a wata gona kusa da garin Darvel a ƙasar Sikotilan. Yana yaro ya koma Landan, ya yi shekara huɗu yana akawu a ofishin jiragen ruwa. Da ya sami ɗan gado daga wani dangi, sai ya shiga koyon likita a asibitin St Mary's, ya gama a 1906.

A Yaƙin Duniya Na Ɗaya an tura shi Faransa jinyar sojoji. A can ya lura cewa magungunan wanke rauni da ake kwarara wa miki mai zurfi sun fi kashe ƙwayoyin jini masu kare jiki fiye da ƙwayoyin cutar. Ya faɗa, amma likitoci kaɗan suka saurara.

A watan Satumba na 1928 ya dawo daga hutu ya tarar fumfuna ta tsiro a wani faranti da ya bar ƙwayoyin cuta a ciki, duk ƙwayoyin da ke kewaye da ita kuwa sun mutu. Wani da sai ya wanke farantin kawai. Shi ya bi diddigi, ya raɗa wa ruwan fumfunar suna penisilin. Tace shi ya zama magani ya gagare shi, sai da Howard Florey da Ernst Chain suka yi aikin a Okusfod. Ɗan sandan da suka yi wa allurarsa a 1941 ya soma samun sauƙi, maganin ya ƙare, ya rasu.

Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945. A jawabinsa na karɓa, Fleming ya yi kashedi cewa rana na zuwa da kowa zai sayi penisilin a kanti, kuma wanda ya sha abin da bai kai ƙima ba, ƙwayoyin ba za su mutu ba, sai dai su saba da maganin, sa'an nan ya harbi wani da cutar da ba ta jin magani. Mai sayen kafso biyu a kemis don mura, watau ciwon da penisilin ba ya taɓawa ko kaɗan, da shi ake.

Fleming ya rasu ran 11 ga Maris, 1955, aka binne shi a majami'ar St Paul's a Landan. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.