Jesse Livermore: ɗan manomin da ya tara dala miliyan 100 a 1929, ya tsiyace cikin shekara biyar

A yau matasa da yawa suna zaune da waya a hannu, suna kallon layukan farashi na hawa da sauka, wannan yana cinikin kuɗin intanet, wancan yana cinikin kuɗaɗen ƙasashe ko hannun jari. Mafi yawan ƙa'idojin da ake koya musu a bidiyo ba sababbi ba ne, wasu sun haura shekara ɗari. Mutumin da aka fi jingina su gare shi wani Ba'amurke ne mai suna Jesse Livermore. Na zaɓi in kawo tarihinsa ne saboda masu koyarwar sukan faɗi yadda ya samu kuɗi, su tsallake yadda kuɗin suka tafi. Ni kuwa a ganina rabi na biyun ya fi amfani ga mai karatu.

An haifi Livermore ranar 26 ga Yuli, 1877, a garin Shrewsbury na jihar Massachusetts. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne, kuma burinsa yaron ya bar makaranta ya kama gona. Yana ɗan shekara 14 ya gudu zuwa birnin Boston, da sanin mahaifiyarsa. A can ya samu aiki a ofishin dillalan hannun jari na Paine Webber, yana rubuta farashi a allo da alli, ana biyansa dala 5 a mako. A wancan zamani farashin yakan zo ne ta wayar tangaraho, wata na'ura ta buga shi a kan siririyar takarda mai tsawo, a karanta, yaran allo su rubuta.

To a nan ne abin ya fara. Yaron yana da kan lissafi, kuma ba ya mantuwa da lamba. Sai ya lura cewa farashi yana da ɗabi'a: kafin ya tashi akwai yadda yakan yi, kafin ya faɗi ma haka. Ya samu ɗan littafi yana rubuta abin da yake hasashe, gobe ya duba ko ya dace. Bai damu da ko kamfanin na cin riba ba, ko wane ne shugabansa. Lambobin kawai yake bi. Wannan shi ne tushen abin da ake kira nazarin kasuwa ta hanyar motsin farashi, wanda yanzu ake yi da zane-zane a fuskar waya.

Jarinsa bai kai ya shiga babbar kasuwa ba, don haka ya nufi wasu shaguna da suka cika biranen Amurka a lokacin. A waɗannan shaguna ba a sayen hannun jari na gaske. Mutum zai ajiye 'yan kuɗi kaɗan ya ce farashin kaza zai hau ko zai sauka. In ya dace mai shago ya biya shi, in farashin ya ɗan juya masa baya kuɗin sun tafi. Caca ce dai a kan farashi, kuma mai shagon ke ci kusan kullum. Livermore ya fara da kamfanin jirgin ƙasa na Burlington, ya ci dala 3 da 'yan kai. Ba da daɗewa ba ribarsa ta fi albashinsa, ya ajiye aiki. Ya yi ta cin masu shagunan har suka gane shi, suka bi layi suna korarsa, ko ya sauya suna sai an gano.

Da ƙofofin Boston suka rufe, ya koma Niyok, inda ake ciniki na gaske. Nan ya ga bambanci. A shagon caca farashin da ke kan allo shi ne naka nan take. A babbar kasuwa kuwa sai umarninka ya isa wajen dillali, kafin nan farashin ya motsa, kuma in cinikinka babba ne shi kansa yakan tura farashin. A watan Mayun 1901, ranar da kasuwa ta rikice kan hannun jarin jirgin ƙasa na Northern Pacific, hasashensa ya yi daidai, amma na'urar farashi tana can baya da abin da ke faruwa, aka yi masa ciniki a mummunan farashi, jarinsa ya ƙone. Darasin da ya ɗauka shi ne ya daina farautar ƙananan motsi na minti-minti, ya riƙa bin babbar alƙiblar kasuwa, ya kuma iya zama ya jira.

Sunansa ya fito ne ta hanyar cin riba idan farashi ya faɗi. Ga yadda ake yi: ka ari hannun jari a wajen dillali ka sayar yau a kan 100, in ya sauko 70 ka saya ka mayar wa mai shi, 30 ɗin taka ce. In kuwa ya hau, kai za ka cika. A 1906 ya yi haka da hannun jarin Union Pacific, sai ga girgizar ƙasa ta auka wa San Faransisko ranar 18 ga Afrilu, ya fita da kimanin dala 250,000. A watan Oktoban 1907, lokacin da bankunan Niyok suka shiga ruɗani mutane na rububin cire kuɗinsu, ya ci kusan dala miliyan ɗaya a yini guda. Labarin da ya shahara shi ne babban mai banki J. P. Morgan ya aika masa saƙo ya dakata da sayarwa don kada kasuwar ta ruguje gaba ɗaya, ya kuwa dakata, ya juya yana saye. Shekarunsa 30 kacal.

Shekara ɗaya bayan haka ya karya ƙa'idarsa da hannunsa. Wani shahararren ɗan kasuwar auduga, Theodore Price, ya shawo kansa cewa auduga za ta yi tsada. Farashi na nuna akasin haka, amma Livermore ya bi maganar mutum ya bar abin da idonsa ke gani. Auduga na sauka yana ƙara saye don ya tare ta, har ya sayar da alkamar da ke ba shi riba ya riƙe audugar da ke cinye shi. Kusan duk abin da ya tara ya tafi, bashi ya taru, a 1915 ya je kotu ya bayyana cewa ya karye. Yaƙin duniya na farko ne ya ɗaga shi: ya yi haƙuri makonni yana jiran hannun jarin kamfanin ƙarfe na Bethlehem Steel ya kusanci 100, don ya lura farashin da ya ƙetare cikakkiyar lamba karon farko yakan ci gaba da tafiya. Ya dace, ya farfaɗo, ya kuma biya masu binsa bashi duk da kotu ta sauke masa. A 1923 ɗan jarida Edwin Lefèvre ya fitar da littafin Reminiscences of a Stock Operator, wanda aka gina kan rayuwarsa da sunan aro, kuma har yau 'yan kasuwar hannun jari na karanta shi.

Sai 1929. Jama'a sun ruɗe da saye, da yawa da kuɗin aro, ma'aunin Dow Jones ya kai 381 a farkon Satumba. Livermore ya ga manyan kamfanonin da ke jan kasuwar sun daina kafa sabon farashi, sai ya fara sayarwa a ɓoye ta hannun dillalai masu yawa. Ranar 28 ga Oktoba ma'aunin ya zube da kusan kashi 13 cikin ɗari, washegari ya ƙara kusan 12. An ƙiyasta ribarsa a kan dala miliyan 100, a daidai lokacin da dubban iyalai suka rasa komai. Jaridu suka ɗora masa laifin faɗuwar, aka yi ta aiko masa da barazana.

Mai hankali zai ce daga nan sai hutu. Ina! Ya ci gaba da ciniki da kuɗin aro, ga kashe kuɗi ba lissafi, ga gida ya rikice har aurensa na biyu ya mutu a 1932. A watan Maris 1934 ya sake karyewa, bashin da ke kansa ya haura dala miliyan biyu, kadararsa ba ta kai ko kusa ba. A shekarar ce kuma Amurka ta kafa hukumar sa ido kan kasuwar hannun jari, aka toshe hanyoyi da dama da manyan 'yan kasuwa irinsa suka saba bi. A 1940 ya wallafa nasa littafin, How to Trade in Stocks, bai samu kasuwa ba. Ya daɗe yana fama da ciwon damuwa mai tsanani, kuma ranar 28 ga Nuwamban shekarar ya kashe kansa a otal ɗin Sherry-Netherland da ke Niyok, yana da shekara 63.

Ƙa'idojin da ya bari ba su da wuyar fahimta. Kar ka shiga sai farashi ya ƙetare wurin da ya saba tsayawa ya nuna inda ya dosa. Ka fara da kaɗan, ka ƙara sai in na farkon ya nuna riba. Asara in ta kai kashi 10 cikin ɗari ka fita, kar ka ƙara kuɗi a kan abin da ke faɗuwa. Ka dubi kamfanoni biyu masu sana'a ɗaya, in ɗaya ya tashi ɗaya ya ƙi, ka yi hattara. Kar ka saya don wani ya raɗa maka a kunne.

Abin da nake so mai karatu ya auna shi ne wannan: wanda ya tsara ƙa'idojin nan, mai ƙwaƙwalwar da samun irinta sai an tona, shi kansa ya kasa bin su a lokutan da ya fi buƙatarsu. Zanen farashi yana nuna abin da masu saye da sayarwa suka riga suka yi, ba ya yi wa kowa alkawarin gobe, kuma kuɗin aro yana ninka asara kamar yadda yake ninka riba. Manhajar da ke ce maka ka ajiye jika goma ka yi cinikin miliyan, farashi na ɗan juyawa a share ajiyarka, 'yar'uwar shagunan Boston ce da Livermore ya fara da su, waɗanda daga baya dokokin Amurka suka haramta. Duk wanda zai sa kuɗin abinci, ko na makarantar yara, ko jarin da ya ranto a irin wannan ciniki, ya fara tuna cewa gwanin gwanayen harkar ya tsiyace ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.