Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001)

A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu tuna da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Sunanta na yanka Hajaratu, ana ce mata Gambo don ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Najeriya, mahaifiyarta kuwa Banufiya. Wato ita ma asalinta ya ƙetare iyaka, kamar da yawa daga cikinmu a nan Malanville.

Iyayenta sun rasu tana ƙarama, karatu ya tsaya, aka aurar da ita tana da shekara 13. Tana da 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar talakawa ta su Malam Aminu Kano da aka kafa a Kano a 1950. 'Yan uwa na Gaya kada su rikice: wannan daban take da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, kalmar ce dai ɗaya.

Gida gida take bi tana yi wa matan kulle magana kan ilimi, auren wuri da 'yancin ƙuri'a. Ta je har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan matan kasuwa kan haraji har Alake ya sauka daga sarauta a 1949. Gambo ta sha duka, aka kore ta daga Kano, aka ɗaure ta sau 16.

Duk da wannan wahala, kujerar da NEPU ta ba ta ita ce shugabar mata. Matan Arewacin Najeriya ba su samu ƙuri'a ba sai 1976, shekara 16 bayan 'yancin kai. Sai a Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP na ƙasa, inda maza ma suke ƙarƙashinta.

Wannan tazara ce ta tsaya mini a rai. Littafin rajista a hannuna yake: matan da ke sayar da albasa, kifi da atamfa sun cika shafuka, kuɗin wata ba ya makara daga wurinsu. Amma a takardar kwamiti, kujera ɗaya tak suke da ita, ta shugabar mata. Ma'aji da sakatare, ba a taɓa gwada su ba.

Hajiya Gambo ta rasu a watan Oktoba na 2001. Akwai babban asibiti a Zariya mai sunanta. Allah ya jiƙanta da rahama.