Likita Mila na Zariya

An haifi Walter Miller a Ingila cikin 1872. Ya koyi aikin likita a Landan, amma zuciyarsa tana ga ƙasar Hausa, inda yake so ya yi wa'azin addinin Almasihu. Saboda haka ya fara zuwa Tarabulus, ya zauna wurin Hausawan da ke can, yana koyon harshensu.

Cikin 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juya zuwa Girku. Can ɗaya daga cikinsu ya rasu. Duk da haka bai fid da zuciya ba. Cikin 1905 ya sami izinin zama a birnin Zariya, ya buɗe makaranta da wurin ba da magani. Mutane suka riƙa kiransa Likita Mila.

Waɗanda suka karɓi addininsa ba su da yawa. Babban aikinsa shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Shekara da shekaru yana auna kalmomi ɗai-ɗai tare da mataimakansa, har aka buga littafin cikin 1932.

Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, cikin 1952.