Leo Fender (1909–1991): Mai Gyaran Rediyon da Ya Ƙera Amfilifayar Jita

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agusta, 1909, a jihar Kalifoniya ta Amurka, a gidan manoman lemo. Ya rasa idonsa na hagu tun yana yaro. Aikin akanta ya karanta a kwalejin Fullerton. Sanin lantarki kuwa da kansa ya koya. Bayan ya rasa aikinsa na akanta, sai ya buɗe shagon gyaran rediyo a Fullerton a 1938. Nan ne makaɗa suka riƙa kawo masa na'urorin ƙara sauti da suka lalace.

Galibin masu rubutu a kansa sun fi karkata ga jitocin da ya ƙera, irin su Telecaster da Stratocaster, alhali shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A ganin wannan nazari, amfilifayarsa ce ta fi bayyana ko shi wane ne, domin da idon mai gyara ya tsara ta. A wancan zamani, kwalaben lantarki ne ke ƙara ƙarfin sauti, wato 'yan kwalaben gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu, masu zafi da saurin gajiya. Kamfanin da ya kafa a 1946 ya riƙa jera ƙananan kayan na'urar bisa allo guda, kowanne a fili, ta yadda mai gyara zai bi hanyar wuta daki-daki har ya gano inda ta yanke. Ana kuma manna takarda a cikin akwatin mai nuna lambar kowace kwalba da gurbinta. Saboda haka, idan na'urar ta fara gurnani, wanda sau da yawa alama ce ta bushewar kafasito masu tace wuta, sai a cire su a sauya ba tare da an taɓa sauran ba. Tsarin bai rasa aibi ba: allon yakan sha danshi idan ya tsufa, wuta ta riƙa zurarewa, ya haifar da ƙarar da ke wahalar da ƙwararru. Ga kuma haɗari, domin kafasiton kan riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe na'urar.

Amfilifayar Bassman ta ƙarshen shekarun 1950 ita ce kamfanin Marshall na Ingila ya kwaikwaya a 1962 wajen ƙera JTM45.

A 1965 Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS kan dala miliyan 13, sa'ilin da yake fama da rashin lafiya. Daga baya ya koma sana'ar a Music Man, sannan ya kafa G&L tare da George Fullerton. Ya ci gaba da zuwa wurin aiki duk da cutar Parkinson, har ya rasu a Fullerton ranar 21 ga Maris, 1991.