Abdu Mumuni Joffo, ɗan Tasawa da ya nemi sa rana aiki

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Birnin Lalle, tsohon mazaunin Gobirawa da ke cikin ƙasar Dakoro, arewacin jahar Maraɗi, ya san abin da ake kira zafin rana. Daga watan Maris zuwa watan Mayu ƙasa takan yi zafi har ta hana takawa, ruwan rijiya ya yi nisa, mata su yi doguwar tafiya neman iccen girki. In damina ta faɗi kuma ruwa ya ɗauke bayan shibka, rana ce ke ƙone hatsi tun yana ƙarami. Saboda haka manomi da makiyayi suka saba ɗaukar ta abokiyar gaba. To, amma a cikin wannan jaha aka haifi wani malami wanda ya ƙare rayuwarshi yana nuna cewa rana dukiya ce, kuma ana iya sa ta aiki kamar yadda ake sa sa ko raƙumi jan guga. Sunanshi Abdu Mumuni Joffo, wanda takardun Faransanci ke rubutawa Abdou Moumouni Dioffo.

An haife shi a Tasawa ran 26 ga watan Yuni na shekara ta 1929, zamanin mulkin Faransawa, lokacin da yaran da ke shiga lakwal ba su taka kara sun karya ba. Ya yi karatun farko a Damagaram, ya ci gaba a Yamai. Cikin shekara ta 1944 aka tura shi makarantar William Ponty a ƙasar Sanagal, inda ake horon malamai da ma'aikata na dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Yawancin waɗanda suka fito daga can sukan koma gida su kama aikin koyarwa ko na ofis. Shi kuwa ya zarce, ya yi karatu a Dakar, sa'an nan ya ƙetare zuwa birnin Pari, ya zaɓi ilimin fizik, wato sanin ɗabi'ar haske da zafi da ƙarfi da motsi.

Cikin shekara ta 1956 ya ci jarrabawar da ake kira agregasiyo. Jarrabawa ce ta gasa, wadda ake tace manyan malaman Faransa da ita, kuma ƴan kaɗan ake ɗauka kowace shekara. Shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci ta a fannin fizik daga ƙasashen da Faransa ke mulki. Karatu bai hana shi shiga gwagwarmayar zamaninshi ba: yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, wadda aka sani da FEANF, yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI mai neman ƴancin kai a 1957.

Da ya dawo Afirka ya fara koyarwa a Dakar. Ran 28 ga watan Satumba na 1958 ƙasar Gine ta ƙi amincewa da tsarin Janar De Gaulle, ta zaɓi ƴancin kai nan take, Faransa kuwa ta kwashe malamanta da ma'aikatanta. Abdu Mumuni yana cikin malaman Afirka da suka bar aikinsu suka tafi Konakiri domin kada makarantun Gine su rufe. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, ya yi zaman bincike a kan ƙarfin rana. Daga can ya sauka Bamako, zamanin Shugaba Modibo Keita, ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana na ƙasar Mali cikin 1964, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horon malamai.

A cikin wannan shekara ta 1964 ya fitar da littafinshi a kan ilimi a Afirka, mai suna L'Éducation en Afrique, wanda daga baya aka juya shi zuwa Ingilishi. A ciki ya bi tarihin tarbiyyar gargajiya, ya auna makarantar da Turawa suka kawo, ya nuna cewa an kafa ta ne domin samar wa masu mulki ƴan ma'aikata kaɗan, ta bar yawancin jama'a a waje. Shawararshi ita ce a koyar da yara cikin harsunan da suka tashi da su, a yaƙi jahilci tsakanin manya, a kuma haɗa karatu da aikin hannu da noma. Abin da ya biyo baya ya gaskata shi: a 1966 masana suka taru a Bamako suka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Binciken da ya ba shi babban digirin dokta a Pari cikin 1967 ya shafi madubi mai tara hasken rana. Ga yadda abin yake. In gari ya yi garau da tsakar rana, kowane murabba'in mita na ƙasa yana samun ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000, a yini guda kuwa ƙasar Nijar tana samun kilowat-awa 5 zuwa 7 a kan wannan ɗan fili. Ƙarfi ne mai yawa, amma a warwatse yake. In aka ƙera madubi mai zurfi kamar ƙwarya, da irin lanƙwasar da masu lissafi ke kira parabol, duk hasken da ya faɗa cikinshi yakan koma ya taru wuri guda, zafi ya ninka. Sai dai rana tana da faɗi a ido, kimanin rabin digiri, saboda haka hasken yakan taru ya yi ɗan tabo, tsakiyarshi ta fi gefe zafi. Abdu Mumuni ya yi lissafin yadda zafi ke rarrabuwa cikin wannan tabo, sa'an nan ya gwada da awo domin ya ga ko lissafi ya dace da zahiri. Wanda ya san wannan, shi ke iya faɗin girman madubin da za ya dafa tukunya, da wanda za ya narkar da ƙarfe. Babbar tanderun rana ta Odeillo a kudancin Faransa, wadda zafinta ke wuce digiri 3,000, a kan irin wannan lissafi aka gina ta.

Cikin 1969, zamanin Shugaba Diori Hamani, ya komo gida aka ba shi riƙon ma'aikatar ƙarfin rana ta ƙasa, ONERSOL, wadda aka kafa a 1965. Ya riƙe ta har tsakiyar shekarun 1980. Komowarshi ta zo daidai da babban farin da ya auka wa ƙasashen Sahel, wanda ya yi tsanani a 1973 da 1974, ya hallaka dabbobi masu yawa a arewacin ƙasa, ya kori mutane daga garuruwansu. Farin ya nuna wa hukuma cewa tilas ilimi ya shiga gona da daji. A 1975 aka kafa cibiyar binciken noma ta INRAN, wadda tasharta ta Tarna, kusa da Maraɗi, ke aikin zaɓen irin hatsi mai saurin nuna, wanda ke iya kai amfani ko da damina ta gajarta. Masu wannan aiki suna neman tsiron da za ya jure wa rana. Abdu Mumuni kuwa ya kama matsalar ta wani gefe: iccen da ake sarewa domin girki, da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa babu abin ɗago shi, da man fetur da ake sayowa daga waje da tsada.

A ONERSOL aka ƙera na'urar dafa ruwa. Faifan ƙarfe ne da aka shafa wa baƙin fenti domin ya sha zafi, aka bi jikinshi da tiyo, aka rufe shi da gilashi domin kada zafin ya tsere. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau da kanshi zuwa tanki, mai sanyi ya sauko, ba tare da inji ba. Aka ƙera na'urar tace ruwa, inda rana ke mai da ruwan zartsi tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya zubo garai, irin wanda asibiti da batirin mota ke bukata. Aka yi murhun rana, da na'urar shanya kayan gona. Tare da kamfanin Spilling na ƙasar Jamus kuma aka yi injin da zafin rana ke juyawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bukaci a gwada kayan ƙira: wane ƙarfe ne ba ya tsatsa, wane fenti ne ba ya ɓarewa, wane madubi ne ke jure wa ƙurar hunturu. A nan ya dage cewa a yi ƙirar a Yamai, da hannun ƴan ƙasa, domin abin da mutum ya ƙera shi ke iya gyara shi in ya lalace.

Gaskiya ta wajaba a faɗa: kayan ba su kai karkara yadda ya so ba. Na'urar dafa ruwa ta fi ƙarfin aljihun talaka, ta tsaya a manyan gidaje da ma'aikatu na birni. Murhun rana kuwa yana aiki ne da tsakar rana, alhali tuwon dare bayan la'asar ake ɗora shi, kuma mace ba ta son tsayuwa cikin ƙuna tana tuƙi. Daga baya allunan da ke mai da haske wutar lantarki kai tsaye, waɗanda jama'a ke kira pano, suka yi ta araha har suka ture injunan zafi. Da fari ya sake dawowa a 1984, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi cikin watan Mayu a kan yaƙi da hamada, matsalar icce tana nan ba ta gushe ba.

Duk da nauyin ONERSOL bai bar alli ba. Ya koyar da fizik a jami'ar Yamai, a 1979 kuma aka naɗa shi shugabanta, ya gaji Farfesa Bubakar Ba, masanin lissafi. Ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen rayuwarshi. Allah ya yi mashi rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu na 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar sunanshi.

Yau rana ta kama aikin da ya yi mata fata. A ƙauyuka da yawa pano ke ɗago ruwa daga rijiyar burtsatse, ke haskaka ɗakin haihuwa, ke sanyaya allurar rigakafi. An buɗe tashar lantarki ta rana mai megawat 7 a Malbaza cikin 2018, da mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai cikin 2023. Amma allunan daga ƙetare ake sayo su, kuma famfon ƙauye yakan kwana da yawa a tsaye in wani ɗan ƙarfe ya mutu, ana jiran mai gyara daga birni. Rabin wasiyyar Abdu Mumuni ke nan da ba a cika ba tukuna: a horar da maƙera da masu gyara a cikin garuruwansu, a rubuta masu bayanin na'ura cikin harshen da suke ji. Wanda ya koyi karatu da girma a Birnin Lalle, da ma'aikacin da ke rattaba hannu a kan takardar sayen kaya a Maraɗi, kowa yana da rabonshi cikin wannan aiki. Allah ya jiƙan malam, ya sa aljanna ce makomarshi.